Jega, Aliero da Maiyama: Me ke sa ƙungiya ta ɗauki kofi a gasar sili-ɗaya-ƙwale?

Duk wanda ya saba bin gasannin ƙwallon ƙafa da ake shiryawa a garuruwanmu, tun daga Jega da Kimba, zuwa Aliero da Sabiyal, har Maiyama da Andarai, ya san irin maganganun da ke biyo bayan wasan ƙarshe. Waɗanda suka ɗauki kofi su ce ƙwazo ne da haɗin kai, waɗanda aka doke kuma su ce an sayi alƙalin wasa, ko kuma an binne wani abu a bakin raga tun da asuba. Da wuya ka ji wanda zai tsaya ya tambayi dalilin da ya sa ƙungiyar da kowa ya yarda ta fi iya taka leda, wadda ta yi ta ragargazar abokan karawarta a zagayen rukuni, ita ce sau da yawa ake yin waje da ita a wasan kusa da na ƙarshe, alhali wata da ta fito da ƙyar da jiɓin goshi ta wuce da kofi gida.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan zance ne na teburin mai shayi kawai. Kuɗi masu kauri ake zubawa a waɗannan gasanni, daga aljihun shugabannin ƙananan hukumomi da 'yan majalisa, da attajiran kasuwar Jega, da dillalan albasa na Aliero. Akwai kuma matasa da yawa da ba su da wata ƙofar da za a gan su sai wannan. Sannan idan aka duba jerin ƙungiyoyi 20 na gasar Firimiyar Nijeriya a kakar 2025/2026, babu ta Jihar Kebbi ko ɗaya, kuma hanyar hawa can daga 2023 zuwa 2025 ta bi ne ta wasannin cike gurbi, inda aka riƙa tara ƙungiyoyi takwas a gari guda, a yi ta ta ƙare cikin 'yan kwanaki. Ke nan wanda bai fahimci yadda ake cin gajeriyar gasa ba, zai daɗe yana kallon Firimiya daga nesa.

Bari mu fara da lissafi, domin shi ba ya goyon bayan kowa. A ce ƙungiyoyi 16 ne suka shiga gasar da duk wanda aka doke ya fita. Kafin ƙungiya ta ɗauki kofi sai ta ci wasa huɗu a jere. A ce kuma akwai wata gagarabadau a cikinsu, wadda in ta buga wasa goma da kowace daga cikin sauran za ta ci shida. Idan aka ninka wannan rabo sau huɗu, damar da take da ita ta cin kofin ba ta wuce kashi 13 cikin 100 ba. Ko da ta fi haka ƙarfi, wato tana cin bakwai cikin goma, damarta ba ta kai kashi 25 cikin 100 ba. Ma'ana, a irin wannan gasa, ƙungiyar da ta fi kowa iyawa ta fi kusa da komawa gida hannu rabbana fiye da ɗaukar kofi, ba tare da an sayi kowa ko an binne komai ba. Doguwar gasa mai wasa 38 tana tace ƙungiyoyi kamar yadda rariya ke tace gari. Gajeriyar gasa kuwa hannu guda ake ɗiba, abin da ya zo shi ke nan.

Amurkawa, waɗanda ba su da abin so irin ƙididdiga, sun daɗe suna kokawa da wannan tambaya a wasansu na besbol, wanda ake jefo ƙwallo wani ya maka ta da kulki. Kowace ƙungiya a can tana buga wasa 162 a kaka, sannan a shiga zagayen fitar da gwani. A 2001 ƙungiyar Seattle Mariners ta ci wasa 116, amma ba ta ko kai wasan ƙarshe ba. A 2006 St. Louis Cardinals ta ci 83 kacal, kuma ita ta zama zakara. A 2022 Los Angeles Dodgers ta ci 111, aka fitar da ita a karon farko da ta buga. A shekarar 2006 wasu masu nazari biyu, Nate Silver da Dayn Perry, suka bi tarihin fiye da shekara 30 na waɗannan wasanni, suka gano cewa ƙarfin kai hari bai nuna wata alaƙa da cin kofi ba. Abubuwan da suka nuna alaƙa duk na hana abokin karawa ci ne. Sai dai bayan 'yan shekaru, da aka gwada wannan ma'auni a kan sababbin kakanni, bai riƙa faɗin wanda zai ci ba, har masu shi suka jingine shi. Darasin da na ɗauka a nan biyu ne: tsaro yana da muhimmanci, amma babu wani laƙani da ke kawar da sa'a. Abin da ya rage wa mai hankali shi ne ya nemo 'yan abubuwan da ke ɗan karkato da ita wajensa.

Mu dawo gida. Babu ƙungiyar da ta fi koya mana wannan darasi, da daɗinsa da ɗacinsa, irin Kano Pillars. Sai Masu Gida sun ɗauki kofin Firimiya a 2008, suka kuma jera uku a 2012 da 2013 da 2014. Daga 2003 zuwa watan Agustan 2015, lokacin da Nasarawa United ta je ta doke su da ci 2 da 1, sun buga wasan lig 202 a gida ba a ci su ba. Wannan tarihi ne da za a daɗe ba a ga irinsa ba. To amma me ya faru da suka fita gasar zakarun Afirka bayan waɗancan kofuna uku? AC Léopards ta Kongo ta fitar da su a 2013, AS Vita ta Kinshasa ta fitar da su a 2014, Moghreb Tétouan ta Maroko ta fitar da su a 2015, kuma ko sau ɗaya ba su kai zagayen rukuni ba. Dabarar da ke cin lig a Nijeriya sananniya ce: ka ci duk wasanninka na gida, ka tsinci maki ɗaya ko biyu a waje. A wasan fitar da gwani wannan dabara ba ta da kasuwa, domin dole ka je gidan wani ka tsira da mutuncinka, ko kuma a kai ku filin da ba na kowa ba.

Abin lura shi ne, lokacin da Pillars ta fi yin nisa a Afirka, wato 2009, a waje ta yi abin da ya kai ta. Ta haɗu da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin a lokacin, aka tashi 1 da 1 a Nijeriya, aka je Alƙahira aka tashi 2 da 2, ƙwallayen waje suka ba Pillars nasara. Ta kai har wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta tare ta.

Wannan ya shafi ƙungiyoyinmu na Jega da Aliero da Maiyama kai tsaye. Yawancinsu zakarun gida ne. Sun san kowane rami da kowane tudun yashi a filin makarantar firamaren da suke atisaye, 'yan kallo nasu ne, alƙalin wasa ma ya san ta inda zai bi ya koma gida bayan an tashi. Ranar da aka ɗauke su aka kai su filin wasa na Haliru Abdu a Birnin Kebbi, ko aka ɗora su a kan shimfiɗar roba inda ƙwallo ke gudu ba ta tsayawa, sai ka ga kamar an sauya 'yan wasan. Tsakanin waɗannan garuruwa uku tafiyar ba ta taka kara ta karya ba, titi kuma ya haɗa su. Me zai hana ƙungiyar da ke shirin gasa ta yi hayar mota ta je Maiyama ko Aliero ta buga wasan sada zumunta sau uku ko huɗu, ta saba da ihun da ba nata ba? Kuɗin man da za a kashe bai kai na rigunan da ake ɗinka wa magoya baya ba.

Sai batun da na fi so mu daɗe a kansa, wato yadda ake riƙe wasa bayan an shiga gaba. Ranar 24 ga Oktoban 2018, a filin wasa na Stephen Keshi da ke Asaba, Kano Pillars ta kara da Enugu Rangers a wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, wanda a lokacin ake kira kofin Aiteo. Jim kaɗan da dawowa daga hutun rabin lokaci Pillars tana da ci 3 da nema. A gidajen kallo na Arewa an riga an fara murna. Cikin kusan mintuna 15 na ƙarshe Rangers ta farke ƙwallayen nan uku ɗaya bayan ɗaya, aka tafi bugun fenareti, ta ci 4 da 2, ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1983. Wanda ya kalli wasan zai tuna cewa kocin Rangers, Gbenga Ogunbote, bai jira an tashi ba kafin ya yi gyara. Tun wasa bai yi nisa ba ya sauya mai tsaron gidansa, ya kuma shigo da sababbin ƙafafu daga benci. A lig, in ka yi sakaci na minti 15 ka rasa maki biyu, mako mai zuwa ka nemo su. A wasan ƙarshe babu mako mai zuwa.

Shekara ta zagayo, a watan Yulin 2019, Pillars ta sake zuwa wasan ƙarshe, wannan karon da Niger Tornadoes a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna. Wasan bai yi armashin na Asaba ba, an tashi babu ci. Amma a fenareti Pillars ta ci 4 da 3, kofin ya koma Kano karon farko tun 1953. Ƙungiyar da ta zura uku ta koma gida da hawaye, wadda ba ta zura ko ɗaya ba amma ta kulle ƙofarta ita ta ɗaga kofi. Ba ina cewa kai hari laifi ba ne. Abin da nake cewa shi ne, ƙwallon ƙafa wasa ne mai ƙarancin ci, kuma ƙungiyar da ba a zura mata ba, ba za a fitar da ita a cikin fili ba, mafi muni a kai ta fenareti. Da wannan Girka ta ɗauki kofin Turai a 2004, inda ta doke Faransa da Jamhuriyar Cek da Fotugal, kowace da ci ɗaya mai ban haushi.

A garuruwanmu kuwa, wa ke son tsaron gida? Yaron da ya fi kowa ƙiba, ko wanda bai iya yanka ba, shi ake turawa raga. Idan mai kuɗi zai ɗauki nauyin ƙungiya, ɗan gaba yake tambaya, mai lamba tara ko goma, wanda za a riƙa kiran sunansa. Ban taɓa jin an yi rububin mai tsaron gida a kasuwar 'yan wasan unguwa ba, ballantana a nemo masa mai horarwa na musamman. Alhali a gajeriyar gasa babu mutum guda da ke iya sauya sakamako kamarsa. 'Yan Nijeriya ba su manta da 29 ga Maris na 2022 ba, ranar da ƙwallon Thomas Partey ta sulale ta ƙarƙashin mai tsaron gidanmu a Abuja, aka tashi 1 da 1, Ghana ta tafi gasar cin kofin duniya ta Katar muka zauna a gida. Haka kuma ba su manta da Fabrairun 2024 ba, lokacin da Stanley Nwabali ya tare fenareti biyu na Afirka ta Kudu ya kai mu wasan ƙarshe na kofin Afirka.

Tunda an zo kan fenareti, akwai wata magana da ta zama ruwan dare, wai shi caca ne, ba a koyon sa. Rabin gaskiya ce. A watan Disambar 2004, a wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka tsakanin Enyimba da Étoile du Sahel ta Tunisiya a Abuja, koci Okey Emordi ya fitar da Vincent Enyeama, wanda shi ne gwanin masu tsaron gida na ƙasar nan a lokacin, ya sako Dele Aiyenugba musamman don bugun fenareti. Enyimba ta ci, ta riƙe kofinta karo na biyu a jere. Sai bayan shekara goma Louis van Gaal na Holan ya yi irin wannan a gasar cin kofin duniya ta 2014, duniya ta yi ta yaba masa kamar shi ya ƙirƙiro. Abin takaici, a Nuwamban 2025 a birnin Rabat, da wannan dabarar ce Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta yi mana illa: dab da tashi ta sako wani mai tsaron gidan, ya tare mana biyu, muka sake rasa gurbin gasar cin kofin duniya. Bayan wasan, kocinmu Éric Chelle ya yi zargin cewa wani daga bencin Kongo yana tsafi. To, idan mai horar da babbar ƙungiyar ƙasa zai faɗi haka a gaban 'yan jarida, ina laifin yaron Kimba da ya rantse an binne laya a bakin raga? Sai dai abin da kowa ya gani da idonsa shi ne, su sun zo da shirin fenareti.

Masana sun yi bincike a kan wannan ma. A 2010 wasu malaman tattalin arziki biyu, Jose Apesteguia da Ignacio Palacios-Huerta, sun wallafa nazarin da ya nuna cewa ƙungiyar da ta fara bugawa takan yi nasara a kusan kashi 60 cikin 100. Nazarce-nazarcen da suka biyo baya da wasanni masu yawa sun sami tazarar da ba ta kai haka ba, don haka kada kowa ya ɗauke ta kamar yankan wuƙa. Amma ko babu komai, kyaftin ya kamata ya san abin da zai zaɓa in ƙuri'a ta faɗo masa, koci kuma ya shiga fili da sunayen mutum biyar a aljihunsa, da na shida da na bakwai, waɗanda suka yi ta bugawa a ƙarshen atisaye lokacin da ƙafa ta yi nauyi. Abin da aka saba gani a filayenmu shi ne a tsaya a tsakiyar fili ana tambayar wa zai buga, manyan 'yan wasa suna sunkuyar da kai, a ƙarshe a tura ƙaramin yaro.

Akwai kuma gajiya, wadda ba a cika lissafa ta ba. 'Yan wasanmu ba ƙwallo ce sana'arsu ba. Wani ya wuni yana ban ruwa a gonar albasa, wani ya kwana a fadamar shinkafa, wani ɗan kabu-kabu ne, wani ɗalibi ne a jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006. Sannan a ce su buga wasa uku cikin kwana biyar, a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafi a wannan yanki kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos. A irin wannan hali ƙungiyar da ke da mutum 18 masu iya shiga fili ta fi mai taurari 11 da benci na ado. Tun 2020 dokar wasa ta ba da damar sauya 'yan wasa biyar, kusan rabin ƙungiya ke nan, kuma wanda bai da waɗanda zai sako ya yi asarar wannan dama tun kafin a busa usur. Aliero ta yi suna a ƙasar Hausa da ma wajenta wajen ɗorin karaya, amma ba karaya ce ke kayar da ƙungiya a mako na biyu na gasa ba; ciwon tsoka ne, da ƙishirwa, da rashin barci, da cin abinci mai nauyi dab da wasa. Ga kwalejin kimiyyar lafiya a Jega. Me zai hana masu shirya gasa su nemi malamanta da ɗalibanta su riƙa zama a bakin fili?

Wani abin da ke cin ƙungiyoyinmu shi ne 'yan wasan haya. Da zarar an kai zagaye na biyu, sai mai ƙungiya ya aika Sakkwato ko Birnin Kebbi, wani lokaci har Kontagora, a ɗauko masa mutum huɗu ko biyar da ba su san sunayen abokan wasansu ba. Yaran da suka sha rana suka kawo ƙungiyar wannan matsayi a tura su benci. Wani lokaci a dace, domin gwani gwani ne. Amma tsaron baya aikin sabo ne, sai mutum ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya ba tare da ya waiwaya ba, kuma wannan ba ya samuwa a kwana biyu. Bugu da ƙari, ɗan haya ba ya sa ƙafarsa inda za ta karye saboda garin da ba nasa ba, musamman in an riga an biya shi. Stephen Keshi ya nuna akasin haka a 2013, da ya bar wasu manyan sunaye a gida ya tafi Afirka ta Kudu da 'yan wasan lig ɗin cikin gida a tawagarsa. Ya fara da kunnen doki biyu, da Burkina Faso da Zambiya, aka yi ta zaginsa, amma Sunday Mba, ɗan wasan gida, shi ya ci Kwaddibuwa a zagayen 'yan takwas, shi ya kuma ci ƙwallon da ta kawo kofin.

Wannan ya kawo mu ga wata al'ada ta masu ƙungiyoyi, wato yanke hukunci da sakamakon zagayen farko. Wadda ta fara da ci biyar-biyar a ɗauka ta gama, wadda ta fara da tuntuɓe a daina ba ta kuɗin ruwa. A 2023 Bendel Insurance ta gama zagayen farko na Firimiya ba a doke ta ko sau ɗaya ba, amma da aka tara ƙungiyoyi shida a Legas don fitar da zakara, ba ta shiga ukun farko ba. Enyimba ce ta ɗauka. Kwaddibuwa kuwa, a kofin Afirka da ta karɓi baƙunci a farkon 2024, mu mun doke ta a rukuni, Ikwatoriyal Gini ta yi mata 4 da nema, ta kori kocinta ana tsakiyar gasa, ta tsallake da ƙyar. Ranar 11 ga Fabrairu ita ce ta doke mu 2 da 1 a Abijan ta ɗauki kofin. Ba na ba kowa shawarar ya kori kocinsa a tsakiyar gasa, don wannan sa'a ba kullum take zuwa ba.

Ladabi ma yana cikin lissafi. A doguwar gasa, jan kati ɗaya ko dakatarwar wasa biyu abu ne da ake shanyewa. A gajeriya, rabin gasar ke nan. A watan Yunin 2019, lokacin wasannin fitar da zakara a filin Agege da ke Legas, hargitsin da ya biyo bayan wasan Pillars da Rangers ya jawo wa Pillars tara mai yawa da dakatar da kyaftin ɗinta, ta kuma ƙare a matsayi na biyu a bayan Enyimba. A matakinmu abin ya fi haka muni, domin sau da yawa gasar ce gaba ɗaya ake dakatarwa, a kira 'yan sanda, a kai magana gaban hakimi, kofin ya ƙare a ofishin wani yana shan ƙura. Gaba tsakanin unguwanni biyu kuma ta ɗore har bayan an manta abin da ya haddasa ta. Magoya bayan da ke kutsawa fili su sani cewa ba su taɓa sa alƙalin wasa ya janye hukunci ba, sai dai su sa na gaba ya shigo da fushinsu a ransa.

Duk da haka, wannan yanayi na gajeriyar gasa da ke cutar da manya, shi ne rahamar ƙanana, kuma Jihar Kebbi ta ɗanɗana. A 2024 Kebbi United, wadda ba ta cikin Firimiya, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a kofin ƙalubale na ƙasa, inda El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta tsayar da ita. El-Kanemi ɗin ma a rukuni na biyu ta buga kakar, kuma ita ta je Legas ta doke Abia Warriors da ci 2 da nema ta ɗauki kofin, a shekarar da ta koma Firimiya ta hanyar wasannin cike gurbi. A 2023 ta wannan ƙofa Kano Pillars da Katsina United suka koma, a 2025 kuma Barau FC ta Kano da Wikki Tourists ta Bauci suka bi ta. Ƙofar a buɗe take. Sai dai kada tafiya mai nisa a kofi guda ta ruɗe mu, domin lissafin da ke kayar da babba shi ne ke ɗaga ƙarami na ɗan lokaci. Ƙungiyar da ta kai wasan kusa da na ƙarshe sau ɗaya, wataƙila sa'a ce. Wadda ke kaiwa shekara bayan shekara ita ce ta gina wani abu.

A nan ne nake ganin masu shirya gasanni a Jega da Aliero da Maiyama suke da aiki. Kusan duk gasar da ɗan siyasa ko attajiri zai sa wa kofi, ta sili-ɗaya-ƙwale ce, saboda ta fi arha, ta fi saurin ƙarewa, kuma tana ba da ranar wasan ƙarshe da za a zo a yi jawabi a ɗauki hoto. Amma a gasar ƙungiyoyi 16, takwas daga cikinsu wasa ɗaya tak za su buga su koma gida sai baɗi. Yaron da ke cikin waɗannan takwas, ko da shi ne ya fi kowa baiwa a masarautar Gwandu, minti 90 kawai aka ba shi ya nuna kansa, kuma wataƙila ranar zazzaɓi yake yi. Da ƙananan hukumomin uku za su haɗa hannu da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, su shirya lig na gida da waje tsakanin ƙungiyoyi goma ko goma sha biyu, daga bayan girbi zuwa kafin zafin bazara ya tsananta, kowace ƙungiya za ta buga wasa 18 ko 22. Huɗun farko sai su yi wasan fitar da gwani a fili guda, da alƙalan da aka ɗauko daga wata ƙaramar hukuma, da rajistar 'yan wasa da aka rufe tun kafin a fara, don a toshe ƙofar haya. Mai son yin jawabi bai rasa ranarsa ba, masu neman 'yan wasa don Kebbi United kuma sun sami watanni huɗu na kallo maimakon yammaci guda.